Ko Kun Sani? Uwa mai ƙwayar cutar ƙanjamau na iya haihuwar jariri lafiyayye

Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV tana iya ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar da nono, kuma jaririnta ya tashi ba tare da cutar ba. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke kamuwa, ko a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. Idan tana shan maganin kullum, adadin yakan sauko ƙasa da 5 cikin 100.

Dalili kuwa shi ne, maganin yana hana ƙwayar hayayyafa har yawanta a jini ya ragu ƙwarai, ta rasa hanyar isa ga jariri. Shi ma jaririn ana ba shi maganin ruwa na makonni shida, a gwada shi a wajen mako na shida, sannan a ba shi nono zalla har wata shida.

Matakin farko shi ne gwajin jini a wurin awon ciki. Mai juna biyu daga Kwatarkwashi, Bungudu ko Tsafe na iya yin gwajin a asibitin gwamnati, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, kuma maganin kyauta ne. Maigida ya raka matarsa, a gwada su tare.