Ƙuri'ar Fushi a Mishigan

Ranar 27 ga Fabrairun 2024 jam'iyyar Demokrat ta yi zaɓen fidda gwani a jihar Mishigan ta Amurka. Kowa ya san Shugaba Joe Biden zai lashe, don ba shi da abokin karawa na a zo a gani. Amma a takardar ƙuri'ar akwai wani gurbi da babu sunan kowa a ciki, na wanda bai amince da ɗan takara ko ɗaya ba. Sama da mutum 100,000 suka zaɓi wannan gurbi, kusan kashi 13 cikin ɗari.

Yaƙin Gaza ne dalili. A garin Dearborn da kewayensa akwai Larabawa da Musulmi masu yawa, kuma suna cikin waɗanda suka ɗora Biden a kan mulki a 2020. A lokacin kullum suna ganin gawarwakin yaran Gaza a wayoyinsu, gwamnatin da suka zaɓa kuma tana aika wa Isra'ila makamai. Layla Elabed, ƙanwar 'yar majalisa Rashida Tlaib, ita ta jagoranci gangamin kiran mutane su zaɓi wannan gurbi. Ƙuri'a 10,000 kawai suka yi niyyar samu, kusan tazarar da Donald Trump ya ci jihar da ita a 2016. Suka ninka haka sau goma.

Mai zaɓe da ya yi fushi ya zauna a gida, ba wanda zai san dalilinsa. Za a ce ganda ce ko rashin damuwa. Wanda ya bi layi ya zaɓi gurbin nan kuwa, dole a ƙirga shi, kuma ƙirgen na iya haifar da wakilai a babban taron jam'iyya. Mishigan ta ba su wakilai biyu. Mako ɗaya bayan nan Minesota ta ba su kusan kashi 19 cikin ɗari da wakilai 11. Waɗannan 'yan gida ne, ba su sauya sheƙa ba, kukansu suke kai wa tun da sauran lokacin gyara.

Biden ya janye ranar 21 ga Yuli, mataimakiyarsa Kamala Harris ta gaji takarar. A taron jam'iyyar na watan Agusta a Shikago, wakilan nan da na sauran jihohi, su kusan 30, suka roƙi a bar Bafalasɗine ɗan Amurka ya yi magana a kan mumbari na 'yan mintuna. Aka hana. Suka kwana a ƙofar zauren taron. A ganina a nan jam'iyyar ta tafka babban kuskure, domin abin da suka roƙa bai fi ƙarfinta ba, kuma ta ɗauka ba su da wurin zuwa.

A Nuwamba Trump ya ci Mishigan da tazarar kusan ƙuri'a 80,000. Tsadar rayuwa ta taka rawa a faɗuwar Harris, ba Gaza kaɗai ba. Amma a Dearborn, inda Biden ya yi gagarumin rinjaye a 2020, Trump ne ya zo na ɗaya da kusan kashi 42, Harris ta samu 36, Jill Stein ta ƙaramar jam'iyyar masu kare muhalli ta kwashi 18.