Wa ke ƙirga amanen da ke cikin shitonmu?

Daga Zangon Kumasi ba a hango teku, amma kullum sai ya shigo tukunyarmu. Shiton da ake zuba wa waakye a Aboabo da Asawase, da busasshen kifin amane ake yin sa. Kusan kashi 60 cikin 100 na abinci mai gina jiki da mutanen Ghana ke samu daga dabba, kifi ne. To, wannan amanen yana ƙarewa, kuma matan da ke sarinsa a kasuwar Asafo sun riga kowa gani a farashi.

Amane bai san iyakar ƙasa ba. Garken da ke gaɓar Elmina shi ne ke zagayawa ta Kwadebuwa da Togo da Benin, don haka ƙasa ɗaya ba ta iya lissafinsa ita kaɗai. Jirgin bincike Dr Fridtjof Nansen, na haɗin gwiwar Norway da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, yakan ratsa waɗannan ruwaye da masanan ƙasashen a cikinsa. Suna aika sauti cikin ruwa, amon da ya dawo ya nuna musu yawan garken, sannan su jefa koma su auna girman kifin, su duba ko ya isa haihuwa. A Tema kuma akwai ofishin kwamitin kamun kifi na FCWC, wanda aka kafa a 2007, ya haɗa Laberiya da Kwadebuwa da Ghana da Togo da Benin da Najeriya don musayar bayanai kan jiragen da ke ɓarna.

Babbar ɓarnar da aka yi shekaru ana yi ita ce saiko. Manyan jirage su share ƙananan kifayen da doka ta bar wa masu kwalekwale, su daskarar da su fale-fale, su sauke wa kwalekwale a tsakiyar teku, a kawo Elmina ko Apam. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta kimanin tan 100,000 aka sauke ta wannan hanya a 2017 kaɗai, da yawansu ba su kai ga yin ƙwai ba. Mai cin irin shuka ai ya san abin da ke jiransa baɗi. A Yunin 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Hutun kamun kifi da gwamnati kan sa wajen Yuli, lokacin da amane ke zuba ƙwai, daga irin binciken da masana ke yi kan garken ya samo tushe, ko da yake masunta da dama sun yi ƙorafi a kansa, kuma kukansu na yunwa ba ƙarya ba ne.

Namu aikin a nan yana wajen saye. Hajiya mai abinci, in aka kawo miki dunƙulen ƙanƙara cike da 'yan mitsi-mitsin kifaye gauraye, arha sosai, tambayi asalinsa kafin ki biya. Kifin da aka kama da nakiya ko guba namansa kan yi laushi, ya lalace da wuri. A Afrilun 2021, da matattun kifaye suka fito gaɓar Osu, dabbobin ruwa kuma suka tuntsuro Axim, mutane sun kwasa, har hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi gargaɗin kada a ci. Kifin da aka ƙyafe da wuya ido ya gane inda ya fito, sai dai mai sari ta riƙe dillalin da ta sani, ta kai rahoton duk kayan da ba ta yarda da su ba ofishin FDA na Kumasi.