Sankarar Mama da Maganin Itatuwa

Matar da likita ya shaida wa cewa ƙullutun da ke mamanta sankara ce, ba abin zargi ba ne in zuciyarta ta karkata ga zuma da habbatus sauda da zogale, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haƙiƙa shi kansa maganin paclitaxel, da ake ɗura wa masu wannan lalura a asibiti, daga ɓawon wata bishiyar Amurka aka fara tatso shi, bayan dogon tahƙiƙi. Haka kuma citta takan rage tashin zuciya, tattaki yakan sassauta kasala. Amma abin da ke sosa mini rai shi ne jinkirta tiyata saboda jiƙo, har cutar ta kai hammata da ƙashi.