Baƙuwar Da Ta Zo Aikin Shekara Uku, Ta Yi Sittin Da Ɗaya

A ranar 18 ga watan Maris 2020 wata dattijuwa mai shekara 96 ta rasu a ɗan gidanta da ke cikin harabar wani asibiti a Adis Ababa, babban birnin Habasha. Sunanta Dokta Catherine Hamlin. A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya aka haife ta a 1924, amma a Habasha aka binne ta, inda ma'aikata da majinyata suke kiranta Emaye, wato Mama. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinta, gama ciwon da ta ƙarar da kwanakinta tana yaƙi da shi, wato yoyon fitsari, yana nan a ƙauyukanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

A 1959 ne ita da maigidanta Dokta Reginald Hamlin suka sauka a Habasha tare da ɗansu mai shekara shida. Gwamnatin ƙasar ce ta ɗauke su aikin shekara uku domin su buɗe makarantar ungozoma. Suna isa sai suka tarar da 'yan mata suna zuwa daga ƙauyuka masu nisa, fitsari yana zubo musu dare da rana, mazajensu sun sake su, dangi sun ware musu ɗaki saboda wari. Ba su taɓa ganin wannan ciwo a ƙasarsu ba. Suka duƙufa ga karatu har suka ƙware a gyaransa, kuma da wa'adinsu ya cika suka ƙi komawa gida.

A 1974 suka buɗe asibiti na musamman domin waɗannan mata, inda ake yin aiki kyauta. Juyin mulkin wannan shekara da wahalar da ta biyo baya ba su kore su ba. Maigidan ya rasu a 1993, ita kuwa ta ci gaba, har bayan ta haura shekara 80 tana shiga ɗakin tiyata. Matan da aka yi wa aiki a asibitocin da suka kafa sun wuce 60,000. Ɗaya daga cikin majinyatansu, Mamitu Gashe, an kawo ta a 1962 tana yarinya mara lafiya, ba ta taɓa zuwa makaranta ba. Da ta warke ta zauna tana gyaran gadaje, tana miƙa kayan aiki, har ta zama gwanar tiyatar da take koya wa likitoci. Ita dai Dokta Hamlin ba ta ɓoye cewa bangaskiyarta ga Yesu Almasihu ce ta riƙe ta a wurin ba.

To, me ke kawo ciwon? Sa'ad da naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Yawanci jaririn ma ba ya rayuwa. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili, wato yankan gishiri. Ba maita ba ce, ba kuma hukuncin zunubi ba ne, kuma yawancin masu shi suna warkewa idan aka yi musu aiki.

Wannan ne ya sa a 2007, tana da shekara 83, ta buɗe kwalejin ungozoma, inda ake ɗauko 'yan mata daga karkara a koyar da su, su koma garuruwansu. Ta gane cewa rigakafi ya fi magani, kuma dole mai taimako ya kasance kusa da ɗakin da ake naƙuda.

'Yan'uwa, mu ba sai mun je Habasha ba. Ana gyaran yoyon fitsari a Asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da asibitin ECWA na Jos wanda aka sani da Evangel, yanzu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada yana kan hanyar Kano zuwa Jos, ko'ina ya nufa akwai taimako. Abin da ya rage namu ne. Magidanta su tanadi kuɗin mota tun ciki yana ƙarami, kada a jira sai naƙuda ta kwana. Zumuntar Mata su bincika wace ce ta daina zuwa sujada ko kasuwa tun bayan haihuwarta, Kirista ce ko Musulma, su raka ta asibiti. Dattawan ikilisiya kuma su duba cikin 'yan matan da suka gama sakandare, su ɗauki nauyin ko da guda ɗaya ta koyi aikin ungozoma, ta dawo ta zauna a cikinmu.

Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.