Wace Takarda Ce Ta Gaskiya?

A wani rangadin makarantu da na yi a ƙasar Tambuwal, na sauka wata makaranta can wajen Jabo, na ce a nuna mini jerin sunayen yaran da za su ɗauki jarrabawar fita. Da aka buɗe kwamfuta sai na tarad da jeri uku. Ɗaya an sa masa suna "na ƙarshe", ɗaya "gyararre", na ukun kuwa "gyararre sosai". Biyu suna da sunan wata yarinya, ɗaya ba shi da shi, kuma shi ne aka riga aka aika ofis. Shugaban makaranta ya ce malamin aji ne ya taɓa, malamin aji ya rantse bai taɓa ba. Ba wanda ya san ranar da sunan ya faɗi, balle dalili. Da ƙyar muka mai da shi kafin a rufe rajista.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, magabatanmu na wannan ƙasa sun fi mu tsari a nan. Tambuwal garin Muhammadu Buhari ne ɗan Shehu Usmanu, Gwandu ta Malam Abdullahi kuwa ba ta da nisa. Da hannu almajiransu su ke juyar littattafai, amma in mai juyi ya gama, a kan yi muƙabala, watau ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin juyi. In aka ga kalma ta faɗi, sai a rubuta ta a gefe, a sa alamar "sahha", don mai karatu ya ga wurin kuskure ya kuma ga gyara. Sau da yawa mai juyi ya kan sa sunansa a ƙarshen littafi. Wanda ya je gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga irin waɗannan takardu. Kwamfuta kuwa, ka goge layi ka adana, shi ke nan tsohon ya tafi ba ko sawu.

To, masu rubuta manhaja su ma sun sha wannan wahala, har suka nemi magani. Tun 1972 Marc Rochkind ya shirya wata dabara a Bell Labs ta Amurka, sunanta SCCS, mai riƙe tarihin gyare-gyaren fayil. Wadda ta fi yaɗuwa yau ita ce Git. Linus Torvalds, haifaffen ƙasar Finlan, shi ya rubuta ta cikin watan Afrilu 2005 saboda ɗimbin mutanen da ke taya shi aikin Linux, sa'an nan a watan Yuli ya danƙa ta hannun Junio Hamano. Kyauta ce, ba a biyan ko kwabo.

Ba a danna hotuna a cikinta, umurni a ke bugawa da haruffa, kuma wannan shi ke razana malamai da farko. Amma umurnin da malami ke bukata ba su da yawa. Za ka shiga jakar da fayilolinka su ke, ka buga "git init", sau ɗaya tak. Duk sa'ad da ka yi gyara, sai ka buga "git add" da sunan fayil, sa'an nan "git commit", ka rubuta dalilin gyaran a layi ɗaya. Nan take ta ajiye siffar fayil ɗin tare da sunanka da rana da sa'a. In ka buga "git log" za ka ga ajiye-ajiyen duka a jere. "git diff" kuwa ita ce muƙabalar zamani, ta kan nuna layin da aka cire da wanda aka ƙara. Akwai kuma "git blame", ma'anarta ɗora laifi, wadda ke faɗin wanda ya taɓa kowane layi daga ƙarshe. Ni ban so sunan ba, gama na ga ta fi amfani wajen wanke wanda aka zarga a banza. Da makarantar nan tana da Git, da cikin minti biyar mun ga ranar da sunan yarinyar ya fita, mun kuma dawo da shi da "git restore".

Abin da ya sa ta dace da wurare irin su Jabo da Kebbe shi ne ba ta bukatar intanet. Tarihin duka yana cikin kwamfutar. Da "git clone" a ke juye shi cikin filashi a kai ofis, kuma kowane juyi cikakke ne. Kowace ajiya tana da lamba mai haruffa 40, wadda a ke lissafawa daga abin da ke cikinta da ajiyar da ta gabace ta. Saboda haka in wani ya koma baya ya sauya tarihi a ɓoye, lambobinsa ba za su yi daidai da na ofis ba.

Amma fa kada a ɗauka ba ta da aibi. Fayil na Word ko Excel ko hoto za ta ajiye shi, sai dai ba ta nuna gyaransa layi-layi. Jerin sunaye da maki gwamma a adana su a tsurar rubutu, irin wanda a ke kira CSV. Sa'an nan sunan da aka gaya mata shi ta ke rubutawa. In malamai shida suna shiga kwamfuta ɗaya da suna ɗaya, to, mutum ɗaya za ta dinga nunawa. Lalle kowa ya sami mashigarsa. Kuma tun da ya ke sunayen yara ne da makinsu, kada a ɗora su a dandalin intanet inda kowa ke gani.

Na gwada koya wa ɗalibai wannan a kwalejinmu ta horon malamai. Yamma biyu ta ishe su riƙe umurnin. Inda muka daɗe shi ne layin dalili. Yawancinsu "gyara" kawai su ke rubutawa, ni kuwa in mai da su. Sai wanda ya rubuta irin "an mai da sunan ɗaliba ta 14, da izinin shugaban makaranta" na ke bari ya tashi.