Ashige: Makarantar Fada, 'ya'yan kowa

Wanda ya bar Abuja da hantsi, ya bi ta Keffi da Akwanga, kafin azahar yana Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Idan ya ɗauki hanyar da ta yi gabas zuwa Shendam, ba zai jima ba zai shiga ƙasar doya da riɗi da rogo, inda garuruwa irin su Adogi da Ashige da Assakio suke. A wannan yanki, da ma sauran ƙauyukan Nasarawa da Binuwai, akwai wasu haruffa uku da ido yakan ci karo da su a allunan makarantun firamare: RCM, wato taƙaitaccen sunan Mishan ɗin Roman Katolika. Mutanen karkara ba su cika wahalar da kansu da haruffan ba. Sukan ce makarantar mishan, ko makarantar Fada.

Ashige mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Lafiya. Ƙasar Lafiya kuwa gida ce ga ƙabilu da dama: Barebari da suka kafa masarautar, da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa. Makarantar firamare a irin wannan wuri ita ce zauren farko da 'ya'yan waɗannan al'ummu suke zama a benci ɗaya. Abin da yaro ya koya a cikinta game da baƙi da wasali, da abin da ya koya game da maƙwabcinsa, su ne guzurin da zai riƙe har girmansa.

Daga Shendam zuwa Lafiya

Hanyar da ta ratsa yankin tana da nata tarihin. A ƙarshenta, a garin Shendam na Jihar Filato, limaman Ƙungiyar Mishan ta Afirka, SMA, suka sauka a watan Fabrairun 1907, suka kafa tashar da ake ɗauka a matsayin mafarin Cocin Katolika a arewacin kogunan Neja da Binuwai. Ita kuwa Lafiya, a zamanin Turawa tana cikin Lardin Binuwai ne, don haka harkokin cocinta suka daɗe suna rataye da Makurɗi, inda limaman Ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki suka yi aiki.

Salon aikinsu kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Akan nemi fili a wurin mai gari, a kafa rumfa ko ɗakin jinka. Ranar Lahadi ɗakin coci ne, daga Litinin zuwa Juma'a kuma aji ne. Katikis, wato mai koyar da addini a ƙauye, shi ne sau da yawa malamin farko. Fada yakan zo zagaye lokaci-lokaci, ya duba rajista, ya gwada karatun yara, ya biya malami. Tunda dokokin Turawan mulkin mallaka sun taƙaita aikin mishan a manyan masarautun Musulmi, irin waɗannan makarantu sun fi yawa a tsakiyar ƙasar, kuma daga cikinsu aka sami malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jinya da yawa na farko a yankin. Katolika ba su kaɗai ba ne a fagen. Cocin ERCC mai hedikwata a Alushi, kusa da Akwanga, shi ma ya gaji makarantun da mishan ɗin SUM ya dasa.

An ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Bayan shekara huɗu, a Disambar 2000, Fadar Vatican ta kafa Dayosis ɗin Lafiya, da Bishop Matthew Ishaya Audu a matsayin shugabansa na farko. Da aka ɗaga shi zuwa Babban Bishop na Jos a 2020, sai Bishop David Ajang ya gaje shi a 2021.

Suna na coci, albashi na gwamnati

Mai karatu zai iya ɗauka cewa duk makarantar da ke ɗauke da sunan RCM coci ne ke tafiyar da ita. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Tun daga shekarun 1960 aka soma miƙa makarantun firamare na mishan a Arewa ga hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi, kuma shirin ilimin firamare kyauta na UPE da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a Satumbar 1976 ya ƙarasa aikin. Sunaye da yawa sun tsira, amma ɗaukar malamai da biyansu da sauya musu wurin aiki sun koma hannun hukuma.

Saboda haka yau akwai iri biyu. Akwai tsohuwar makarantar mishan da ta zama ta gwamnati, wadda ke ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jiha, karatu kyauta ne, amma galibi tana zaune a kan filin coci ko a gefensa. Akwai kuma sabbin makarantun nazare da firamare da majami'u da ƙungiyoyin Sistoci suka buɗe daga baya, inda iyaye ke biyan kuɗin zango, coci kuma ya ɗauki malamai ya sa musu ido.

Kowace da irin nata ciwon. A ta gwamnati, malami yana da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda da ita, amma albashinsa na fitowa daga kason ƙaramar hukuma, kuma malaman Nasarawa ba su manta da shekarun da ake biyansu kashi-kashi ba. Idan rufi ya yaye, sai a yi ta kallon-kallo: coci ya ce makarantar ba tasa ba ce yanzu, hukuma ta ce babu kuɗi a kasafi. A ta coci kuwa, sa ido ya fi ƙarfi, malami ba ya iya ɓacewa mako guda ba a tambaye shi ba, amma albashin bai taka kara ya karya ba. Da zarar an buɗe ɗaukar aiki a gwamnati, ƙwararrun sukan tafi. Manomin da ke da 'ya'ya biyar kuma dole ya zaɓi wanda zai biya wa, kuma ba kasafai zaɓin ke faɗawa kan 'ya mace ba.

Wasu jihohi sun gwada mayar da makarantun ga masu su na asali. Legas ta yi hakan da wasu makarantun sakandare a 2001, Anambra kuma ta miƙa makarantun firamare fiye da dubu ga coci-coci a 2011, tare da ci gaba da biyan malamai. Amma Anambra kusan duka Kiristoci ne. A gari mai addini biyu, inda wataƙila makarantar mishan ce kaɗai a kusa, duk wani shirin mayarwa sai ya amsa tambayar ɗan Musulmi: wa zai tabbatar masa da gurbinsa, da malamin addininsa, da karatunsa kyauta?

Benci ɗaya, addini biyu

Safiyar makaranta a wannan yanki sananniya ce ga duk wanda ya taso a karkara. Yara sukan iso da tsintsiya, a share fili, a kaɗa ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a bishiya. A yi layi aji-aji, a duba farce da tsabtar tufafi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa. Daga cikin masu layin akwai wanda ya fito daga makarantar allo da asuba, akwai wanda ya yi wa Fada hidima a wurin sujadar safe.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Cocin Katolika ma, a takardarsa kan ilimi ta 1965, ya bayyana iyaye a matsayin malaman farko na 'ya'yansu, ya kuma yi maganar makarantunsa da ke karɓar yaran da ba Kiristoci ba. Dokar a rubuce take; aiwatar da ita kuwa yana hannun hedimasta. Inda aka sami malamin addinin Musulunci da na Kirista, aka raba yara idan lokacin darasin ya yi, aka tashi da wuri ranar Juma'a, iyaye sukan saki jiki. Inda aka rasa ɗaya daga ciki, nan ƙorafi ke soma tsiro.

Yankin ya san tsadar rashin jituwa. A 2013, rikicin da aka danganta da ƙungiyar Ombatse ya yi sanadin asarar rayukan jami'an tsaro da dama a Alakyo a watan Mayu, sannan a Satumba wutar ta kai Assakio da Obi. A farkon 2018 kuma, rikicin manoma da makiyaya ya kori dubban mutane daga ƙauyukan Awe da Keana da Doma da Obi, kuma makarantun firamare ne suka zama masaukin da yawansu. Duk ajin da ya zama sansani, zangon karatu ne ya salwanta. Mutanen da suka ga haka ba sa raina darajar abota tsakanin yara biyu masu cin gyaɗa a kwano ɗaya lokacin tara.

Da wane harshe?

Babbar matsalar aji ɗaya a ƙasar Lafiya ita ce harshe. Yaro yakan zo da Eggon ko Alago ko Tibi ko Fulatanci daga gida. A kasuwa da filin wasa Hausa ce ke haɗa kowa, har a coci ma da Hausa ake yawan yin sujada da waƙa. Littafin da ke hannun malami kuwa da Turanci yake.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun daga 1977, ta tanadi a soma koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a muhallinsa. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa hakan zuwa duk shekaru shida na firamare. A Nuwambar 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, Turanci ya koma harshen koyarwa tun daga tushe. Masu adawa da sokewar suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci suka yi zarra, har a Turancin kansa. Masu goyon baya kuma suna cewa ba a taɓa tanadar littattafai da malaman da tsarin ke buƙata ba.

A ajin da ke da harsuna biyar, malama ba ta jiran a gama muhawara. Takan karanta jimla da Turanci, ta fassara da Hausa, ta sa wani yaro ya bayyana wa ɗan'uwansa da harshen gidansu. Haɗarin shi ne hadda: yara su rera abin da ke kan allo da murya ɗaya, amma idan aka nuna wa ɗaya kalma ita kaɗai sai ya yi shiru. Asusun UNICEF ya sha nanata cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya nuna hanya mai sauƙi: a koya wa yaro sautin kowane harafi da harshen da yake ji, a ba shi littafi a hannunsa, a horar da malaminsa a kai a kai.

Gari ne ke riƙe da makaranta

Kalandar makaranta daban, ta gona daban. Lokacin kunyar doya da noman farko, da lokacin yankan riɗi da kakar shinkafa, rajista takan rame. Ranar kasuwa ma haka, musamman ga 'yan mata masu talla. A nan ne amfanin dangantaka da coci da masallaci yake fitowa fili, domin sanarwa ɗaya daga bakin katikis ranar Lahadi, da wata daga bakin liman ranar Juma'a, ta fi takardar ofis goma tasiri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar iyaye da malamai ce kan tara kuɗin ɗaukar malamin sa-kai idan aka rasa na lissafi. Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyoyin matasa sukan yi gayya a buga bulo ko a sare ciyawa. Wani ɓangare na abin da aka samu a bikin godiyar kaka yakan tafi ga benci da alli. Kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya kamata ya ƙunshi mai gari da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai, yana aiki a inda aka ba shi ikon ganin kuɗi, yana barci a inda aka mayar da shi jerin sunaye.

Akwai kuma nauyin da ya fi ƙarfin gari. Sace ɗaruruwan yara da malamansu daga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja, ranar 21 ga Nuwamba, 2025, ya girgiza iyaye a ko'ina. Yawancin makarantun karkara ba su da katanga, balle mai gadi, duk da cewa Najeriya ta rattaba hannu kan Yarjejeniyar Kare Makarantu tun 2015.

Abin da ke kan teburin Abuja

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, amma jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Shi ya sa hukumar UBEC take yawan kokawa cewa biliyoyin naira na kwance ba a karɓa ba. Shirin ciyar da ɗalibai da aka soma a 2016 ya jawo yara aji a ƙauyuka da yawa, kuma dakatar da shi a Janairun 2024 ya bar giɓi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake tayar da tambayar wanda zai lamunce albashin malamin firamare. Mazauna Abuja sun ɗanɗana amsar a 2025, lokacin da malaman firamaren birnin suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Duk waɗannan fayiloli ne da ke ratsa hannun daraktoci da mataimakan ministoci da ma'aikatan kwamitocin majalisa, kuma da yawa daga cikinsu a irin wannan benci suka fara riƙe fensir. Manufar ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Duk wanda wata takarda kan ilimi ta iso teburinsa, yana iya gwada ta da wannan ma'auni: idan aka sa mata hannu, yara nawa ne za su kasance a gaban malamar aji ɗaya a Ashige, littafi nawa ne a hannunsu, kuma a ƙarshen wata za a biya ta cikakken albashinta?