Ta Koma Tun Ba a Je Biko Ba

Daga Gumel zuwa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai abin da ke ɗaure wa iyaye kai. Yarinya ta yi yaji, ido a kumbure, shatin bulala a gadon baya. Uba ya rantse sai dai alƙali ya raba. Kwana kaɗan, tun ba a zo biko ba, ta ƙulle kayanta ta koma. In magana ta kai gaban mai unguwa, ita ce mai cewa faɗuwa ta yi.

Amsar farko tana bakin kowa: an mallake ta. Sai a shiga rubutu da hayaƙi, ana neman makari. To amma a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, a watan Agustan 1973, ɗan fashi Jan-Erik Olsson ya tsare ma'aikatan banki huɗu har kwana shida, kuma ɗayarsu, Kristin Enmark, ta shaida wa Firaminista Olof Palme ta waya cewa farmakin 'yan sanda take tsoro, ba ɗan fashin ba. Can babu wanda ya binne laya.

Sai a ce talauci ne, da 'ya'ya. Da gaskiya a ciki, ba kaɗan ba. Sai dai ana samun mai sana'arta, wadda ake kai mata kaya kasuwar Maigatari duk Alhamis, ba ta haihu ba, ita ma ta koma.

Bakin zaren ya fito a 1981, a binciken masana biyu, Donald Dutton da Susan Painter. Abu biyu suka gano: iko duka a hannun mutum ɗaya, da azaba mai zuwa tana ɗaukewa. Miji ya dake ta da dare. Da safe ga shi da shayi da burodi, ya durƙusa yana shafa mata man zafi a inda ya kumbura, har da hawaye. Hannun da ya kawo ciwon shi ya kawo sauƙin, kuma wanda ya kwana cikin tsoro, sauƙin nan yake riƙewa. In kuwa an riga an raba ta da ƙawaye da ziyarar gida, ba ta da wani mai lallashi sai shi.

Shin ta sani? Nan muke yi mata rashin adalci. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, ba kya ganin abin da yake miki?" Ta ce, "Ina gani mana, Gwaggo. Ai ba kullum yake haka ba." Dukan ta san shi sarai. Abin da ba ta haɗa ba shi ne alherin da dukan tafiyarsu ɗaya.

Faɗa ba ya nuna mata wannan, sai ma ta daina kawo ƙara. Gwaggon da ta zauna da ita a tsanake ta ce, "Atamfar nan, yaushe ya kawo miki? Wayar fa?" ita ke sa ta lissafa da kanta, ta tuna daren da ya gabaci kowace kyauta. Daga wannan lissafin ne wasu ke fara cewa a raka su wurin alƙali.